Takun Malam Gado

Duk ɗan Tungar Marke da ya zo neman abinci Riyad, abu uku yake fara nema: iƙama (takardar izinin zama), wurin kwana, da lambar wayar Alhaji Bashari. Na farko da na biyu kowa ya san amfaninsu. Na ukun kuwa sai ɗan garin.

In maganar aiki ake yi, Bashari ba kowa ba ne. Shekararsa ashirin da biyu yana tsaron sito a unguwar Sulai, inda wani kamfani ke ajiye tayil, kuma a duk tsawon shekarun nan ƙarin girma ɗaya ya samu: an ba shi kujera mai juyawa. Amma shi jikan Malam Gado Mai Taku ne, kuma a Tungar Marke ba a tarewa a sabon gida sai wani daga zuriyar Gado ya zo ya taka shi. Zai cire takalmi, ya fara daga bakin ƙofa, ya bi jikin bango da dogon taku, leɓunansa na motsi, har ya dawo inda ya fara. Sai a shafa fatiha, a kawo abinci. Mutanen garin da suka ƙetaro Bahar Maliya ba su baro al'adar a gida ba, sai dai a nan ana rufe ƙofa tukuna, don a ƙasar nan ba a wasa da abin da ya yi kama da bidi'a. Ko ɗaki ɗaya mutum ya kama a unguwar Manfuha, irin wanda in ka miƙe ƙafa sai ta gaida bango, sai an kira Bashari. Ya taɓa taka ɗakin da taku shida ya ƙare shi, ya ƙara zagaye biyu don kada mai ɗakin ya ga kamar an rage masa albarka.

Abin da leɓunan ke faɗa kuwa sirrin gida ne. Ranar da ubansa ya koya masa, sai da ya kori mata daga tsakar gida, sannan ya raɗa masa: ka yi bisimilla, sai ka ce ɗaya, biyu, uku, har ka gama. Bashari ya jira sauran, ya ji shiru. Ya ce, “Baba, shi ke nan?” Tsohon ya ce sirrin yana cikin ƙirgen, kada ya yarda ya ɓata ko ɗaya.

Asalin abin, kamar yadda kowane yaro a garin zai ba ka, daga bariki ne. A bakin Kwara, saman tudun da ke kallon kwatar jiragen ruwa, akwai kangon wata ganuwa da sojan Faransa suka gina lokacin da suka ɗan zauna a wurin, kafin su bar wa Ingilishi. Barikin ya yi musu kaɗan, sai kumandansu ya zana a takarda yadda za a faɗaɗa shi, ganuwa ta gangaro har bakin ruwa, ta haɗiye Unguwar Masunta gaba ɗaya. Sai aka wayi gari aka ga Malam Gado ya fito ba takalmi, yana kewaya wurin da dogon taku, bakinsa na motsi, nan da can yana kafa turke. Kwana bakwai yana yi. Ba a yi wata uku ba Faransawa suka naɗe kayansu suka bi ruwa, ba su aza ko tubali ɗaya ba. Aka ce Gado ya ɗaure barikin. Aka ce har takardar kumandan ya ɗauko daga kan tebur, shi ya sa aikin ya mutu.

Takardar tana nan. Tana cikin wani bututun kwano a ƙasan akwatin Bashari, kusa da fasfo ɗinsa na dā da takardar shaidar aiki da kamfani ya ba shi. Da zai taho, ya ƙi barin ta a gida saboda gara da kuma ƙannensa. Ba wanda ya taɓa karanta ta. An taɓa miƙa wa wani ɗan ƙanensa mai digiri, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya ce da Faransanci aka rubuta, aka ce to ai shi ke nan, aka mayar. Ba a ga dalilin karanta abin da kowa ya riga ya sani ba.

Wanda ya fi kowa shan labarin nan shi ne Dawuda. Direba ne a gidan wasu Larabawa, ɗan Unguwar Masunta, mutum mai ƙarancin magana da yawan cin barkono. Shekara goma sha huɗu suna raba ɗaki da Bashari a Manfuha. In suka yi saɓani a kan wanda zai wanke tukunya, ko wanda ya bar na'urar sanyi a kunne, Bashari yana da kalma ɗaya da yake kashe magana da ita.

“Kai ɗan masunta, ka riƙa tunawa. Ba don kakana ba, da a cikin kwalekwale aka haife ka.”

Dawuda sai ya ce, “Allah ya jiƙan Malam Gado,” ya ɗauki tukunyar. Kullum haka, bai taɓa ƙarawa ba, bai taɓa ragewa ba. Bashari ya ɗauki wannan a matsayin godiya, har yakan ba da misali da shi in ana zancen mutanen da suka san alheri.

A cikin shekara ta 2016 wani ya turo hoton kangon a zauren watsaf na 'yan garin. Ganuwar ta zube rabi, awaki uku na kwance a kanta kamar su suka ci ta da yaƙi. Dakta Najib, likitan ƙashi, wanda shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Tungar Marke mazauna Riyad, ya ce wannan abin kunya ne. Aka yanke shawarar kafa allon ƙarfe a wurin, a rubuta tarihin barikin da sunan wanda ya ceci unguwa. Dakta ya bugo wa Bashari da kansa.

“Alhaji, ranar Juma'a akwai taro. Ka zo da takardar nan, da fassararta. Muna so mu sa ainihin kalmomin Baturen a jikin allo, kowa ya ga abin da ya yi niyya.”

Bashari ya ce an gama. Ya ajiye waya ya juya sau biyu a kan kujerarsa.

Mai fassara bai yi wuyar samu ba. Akwai Issoufou, safiyo ɗan Nijar, da ke aiki da wani kamfanin gine-gine, yakan zo sito duba kaya. Dattijo ne siriri mai tabarau a wuya, ba ya fara magana sai ya goge su. Ranar Talata da azahar, rana ta kori kowa cikin inuwa, Bashari ya sayo masa shayi da madara, ya share saman wasu kwalaye, ya zare takardar daga bututu. Ta yi launin ƙasa, gefenta ya ɗan karkarye. Suka danne kusurwoyinta da fasassun tayil huɗu. Kafin Issoufou ya sunkuya, Bashari ya ba shi labarin tun daga farko, har da kwana bakwai, har da tebur. Issoufou ya saurara da ladabi, ya goge tabarau.

Da fari fuskarsa ta cika da murna irin ta mai sana'a. “Kai, wagga takarda aiki ce! Dubi kogin, dubi tudu. Wannan baƙin layi shi ne tsohon bariki. Wannan ja shi ne sabuwar ganuwar da suka so yi, da hasumiya biyu, ɗaya nan, ɗaya a kwata. Ga inda za su girke bindiga tana kallon ruwa. Ga rijiya, ga wurin dawaki.” Yatsansa ya gangara ƙasan takardar, inda aka ja wani layi aka yanka shi gida-gida. Sai ya tsaya.

“Alhaji, mi ka ce sunan kakanka?”

“Gado. Malam Gado.”

Issoufou ya cire tabarau ya sake goge su, alhali ba su yi komai ba.

“Karanta mana, Malam Isuhu. Zaginsa ya yi ko? Ai dole ya zage shi.”

“Bai zage shi ba.”

“To me ya ce?”

Issoufou ya ce kowace taswira tana da ma'auni, don a san tsawon abin da aka zana. Wannan kumandan ba shi da igiyar awo, ta ɓace ko ta lalace, bai faɗa ba. Saboda haka ya rubuta a nan cewa an auna filin ne da takun jagoransu Gado, wanda aka gwada aka ga takunsa ɗari daidai yake da mita tamanin. An yi aikin cikin kwana bakwai. Shi ne kuma ya kafa turakun da ke nuna inda ganuwa za ta bi.

Bashari ya ji wata babbar mota tana ja da baya a waje, tana ƙara, ya tsaya yana saurarenta kamar maganarta ta fi muhimmanci.

“Waɗannan jajayen alamomin fa?” Muryarsa ce, amma kamar daga wani ɗaki ta fito.

“Gidajen da za a rushe ne. Goma sha tara. Ga sunayen masu gidan a gefe, ya ce jagora ne ya ba shi.” Issoufou ya fara karantowa a hankali, yana gyara yadda Bature ya karya sunayen. Na huɗu Ɗanjimma Sarkin Ruwa. Bashari ya san sunan. Dawuda yakan ambace shi in zai rantse da gidansu.

“Wancan gida ɗaya da aka kewaye da shuɗi?”

Gidan Gado ne. Bashari ya san inda gidansu yake, a cikinsa aka yanke masa cibiya. Ganuwar ta taho a miƙe tun daga tudu, da ta iso nan sai ta ɗan lanƙwasa kamar mai ba babba hanya, ta wuce.

A bayan takardar akwai layi huɗu da sa hannu. Kumandan ya rubuta cewa an umarce su su tashi saboda manyansu sun daidaita da Ingilishi a kan iyaka, aikin faɗaɗa bariki ya faɗi. Yana bar wa Gado wannan zane a matsayin shaida ga duk Baturen da zai zo bayansa, cewa mai riƙe da ita mutum ne mai biyayya, mai amfani, ba ya ɓata ƙirge.

Wato takardar shaidar aiki ce. Bashari ya tuna da tasa da ke kwance kusa da ita a akwati shekara da shekaru, wadda ita ma ta ce shi mai biyayya ne. Ashe abin gado ne.

Issoufou, don ya rage masa zafi, ya ciro waya ya nemo hoton garin daga sama, ya auna kangon da yatsa biyu, ya yi lissafi a bayan kwali. “Amma Alhaji, wallahi kakanka gwani ne. Bangon gabas ya ce taku saba'in da biyar, mita sittin ke nan. Ga shi nan, sittin da ɗan kaɗan. Yaran da nake aiki da su, da na'ura a hannu, ba su kawo haka.”

“Na gode,” in ji Bashari.

Ya naɗe takardar, Issoufou ya riƙe masa bakin bututun ya zura ta. Sannan ya yi abin da ya fi komai damunsa daga baya. Ya rage murya ya ce, ai fassara iri-iri ce, ko za a iya rubuta ta farkon kawai, maganar hasumiya da bindiga, a bar ƙananan rubutun nan da ba kowa zai kula da su ba.

Issoufou ya shanye shayinsa. “Ni safiyo ne, Alhaji. Abincina ke nan, in an kafa turke in bar shi inda yake. Amma bakina ba rediyo ba ne. Ban ga komi ba, ban ji komi ba. Takardarka ce.”

Laraba da Alhamis Bashari ya yi su kamar mai ƙaiƙayi a inda ba a sosawa cikin mutane. Ya shirya ƙarya kala uku. Ta farko, takardar ta ɓace. Amma wa zai yarda abin da ya tsira daga gara shekara ɗari ya ɓace a ɗakin da ko ɓera ba ya samun wurin juyawa? Ta biyu, tawada ta koɗe. Ta uku, ciwon baya ya kwantar da shi. Sai ya tuna shugaban taron likitan ƙashi ne, zai iya zuwa dubiya da jakarsa. Ya lissafa ɗakunan da ya taka a Riyad, ya kai arba'in da wani abu ya bari. Ya tuna kajin da ya ci a kansu. Da yake mutum ne da aka hore shi kada ya ɓata ƙirge, har kajin ya so ya ƙirga.

Ranar Alhamis da la'asar Dawuda ya dawo da fara'a. Bayan shekara goma sha huɗu, takardun iyalinsa sun fito, matarsa Bilƙisu za ta iso wata mai kamawa. Ya kama ɗaki biyu da falo a Suwaidi.

“Jikan Mai Taku, sai ka shirya ƙafarka. Ba zan sa ko tabarma ba sai ka taka.”

Bashari ya ce Allah ya sa alheri, ya tashi ya wanke tukunya. Ba ranarsa ba ce. Dawuda ya bi shi da kallo.

Taron Juma'a a wata istiraha aka yi, irin gidajen shaƙatawar nan da ake kamawa na yini a bayan gari, da katanga da ɗan fili da babban ɗaki mai kilisai. Mutum kusan talatin suka zo bayan an sauko daga masallaci. Aka ci kabsa, shinkafa da nama irin ta Larabawa, a manyan faranti, aka sha shayi, Dakta Najib ya buga cokali a jikin kofi. Ya yi jawabi a kan al'ummar da ta manta tarihinta, rabi da Hausa rabi da Turanci, sannan ya ce, “Yanzu sai mu ji daga bakin jikan gwarzon da kansa.”

Bashari ya miƙe da bututun a hammata. Ya zaɓi ƙarya ta biyu tun a mota, har ya gwada ta a zuci sau uku, ta zauna daidai. Ya yi sallama, ya yi salati, ya ce ya kai takarda wurin masani, masanin ya duba, sai dai abin takaici, tawadar…

Dawuda na zaune a gaba, ya harɗe ƙafa, yana ɓare lemo. Bai ɗago ba. Leɓunansa kawai Bashari ya gani sun fara shiri, irin shirin da suke yi duk lokacin da aka ambaci Gado. Zai ce Allah ya jiƙansa. Zai faɗa a nan, zai faɗa ranar da aka kafa allo, zai kai 'ya'yansa su karanta allon su ma su faɗa.

“Tawadar ba ta koɗe ba,” in ji Bashari. “Tana nan raɗau. Ni ne na so ta koɗe.”

Ya zare takardar ya shimfiɗa a kan kilishi, ya durƙusa a gabanta. Ya faɗi abin da Issoufou ya faɗa, bai tsallake ba: taku ɗari mita tamanin, kwana bakwai, turaku, gida goma sha tara. Ya nuna inda ganuwa ta lanƙwasa. Ya juya bayan ya faɗi dalilin tafiyar Faransawa, wanda babu ƙafar kowa a ciki. Sunayen ne suka fi wuya. Ya haddace su ba da niyya ba, kuma kusan kowane suna akwai jikansa a ɗakin, da maiƙon kabsa a hannu. Da ya zo na huɗu bai dubi gabansa ba.

Wani daga baya ya ce, “Inna lillahi.” Bashari ya jira zagi. Ya ma fi son zagin, don shi ana iya sunkuyar da kai a karɓa.

Sai Alhaji Inuwa tela, wanda ya fi kowa tsufa a wurin, ya gyara zama. “To tsaya, Bashari. Ni sau uku ina sauya ɗaki, sau uku kana takawa, sau uku ina yanka kaza. Me kake karantawa?”

“Ƙirge nake yi, Baba.”

“Ƙirgen me?”

“Taku.”

“Ikon Allah. To ɗakina na yanzu taku nawa ne?”

Da ya yi shiru da ya fi. Amma amsar ta riga ta fito. “Goma sha takwas.”

Wani ya tuntsire, sai ɗakin ya ɗauka. Aka yi dariya har da masu riƙe ciki, kowa na miƙa hannu yana tambayar nasa, kuma abin haushin, Bashari ya san na kowa. Yana durƙushe a tsakiya yana jin kunnuwansa kamar an ɗora su a garwashi. Dakta Najib ya buga kofi ya ce lamarin yana buƙatar nazari, a kafa kwamiti. Kowa ya gane an yi wa allo jana'iza.

Dawuda bai yi dariya ba. Ya cinye lemonsa, ya tattara ɓawon a hannu, ya ce, “Alhaji, taso in sauke ka.”

Suka kama hanya a motar maigidan Dawuda, rana ta karkata tana dukan gilashi. Suka wuce gada biyu. Bashari ya rungume bututun yana kallon motocin da ke wuce su.

“Dawuda, ka yafe mini. Shekara goma sha huɗu ina…”

“Turken yana nan,” in ji Dawuda.

“Wane turke?”

“Wanda ya kafa a tsakar gidanmu. Na itacen ƙirya ne, ba ya ruɓa. Akuya muke ɗaurewa a jiki.” Ya sa sigina ya sauya layi. “Kakata tana yarinya aka kafa shi. Ta ce ya shigo ba sallama, da soja biyu a bayansa, ya taka ta kan tabarmar da ake shanya kifi. Bai dubi kowa ba, ƙirge yake yi.”

Bashari ya juyo gaba ɗaya. “Ka sani?”

“Duk gidanmu an sani. Gidan su Inuwa ban sani ba, su ba a bakin ruwa suke ba.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin in san ka.”

“Kana ji ina cewa a kwalekwale za a haife ka, kana wanke tukunya?”

“To tukunyar ba sai an wanke ta ba?”

Bashari ya rasa inda zai sa fuskarsa. Motar babba ce, amma ba ta da wannan wurin.

Dawuda ya ci gaba, idonsa a kan titi. Ya ce bayan Turawan sun tafi, Gado ya shekara bai leƙa kasuwa ba, sallah ma a gida yake yi. Yara na jifan ƙofarsa. Ya rame har ana cewa ba zai kai damina ba. Sai Ɗanjimma Sarkin Ruwa ya tashi gina sabon ɗaki, ya aika a kira shi. Mutane suka taru su ga yadda za a ci masa mutunci. Da ya zo, Ɗanjimma ya ce, an ce kai ka iya awo, auna mini nan, taku goma a kan takwas. Ya auna. Aka kawo tuwo, Ɗanjimma ya ce ya sa hannu su ci. Daga nan duk mai gini sai ya kira shi.

“Maganar ɗaure bariki fa? Wa ya ƙirƙiro?”

“Oho. Jikoki dai. Mu aka ce mana, wanda ya tona, bai gaji Ɗanjimma ba. Ya ce mutumin ya riga ya sha kunyarsa, ba a dafa ta sau biyu.”

“Addu'ar da kake yi masa fa?”

“Da gaske nake yi. Wa ya fi shi buƙata?”

Sai a lokacin Bashari ya lura ba hanyar Manfuha suka bi ba. Dawuda ya tsaya gaban wani bene a Suwaidi, kusa da shagon masu wanki, ya kashe mota.

“Sauko.”

“Dawuda, don girman Allah. Bayan abin da ka ji?”

“Kafet zan saya gobe. Ba ni da abin awo. Ka ga na kira wani alhali ga ɗan gado?”

Falon babu komai sai warin sabon fenti. Bashari ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe. Sannan ya cire takalmi, don ƙafarsa ba ta san wata hanya ba. Dawuda bai rufe ƙofa ba. Bashari ya yi bisimilla, ya bi bango, kuma karon farko a rayuwarsa ya ƙirga a fili, kowa na ji: ɗaya, biyu, uku. Tsawo taku shida, faɗi biyar. Ya yi lissafin a kan ma'aunin kumandan, ya faɗi mitocin, Dawuda ya rubuta a tafin hannu.

Abin da bai lissafa ba shi ne, kunya tana sa mutum sauri. Don ya gama ya fita, ya buɗe ƙafa fiye da yadda ya saba, fiye ma da Gado. Da aka kawo kafet aka shimfiɗa, sai ya gaza bango da kusan kamu biyu ta wajen taga, tayil yana leƙowa fari fat. Bashari ya roƙa a mayar a sauya, Dawuda ya ce ya yi masa haka.

Bilƙisu ta iso, ta so ta ja kujera ta rufe wurin, ya hana. Duk ɗan Tungar Marke da ya zo yi musu barka, in ya zauna idonsa sai ya faɗa kan gibin, ya tambaya wa ya yi wannan awo. Dawuda sai ya nuna Bashari da haɓa, yana zuba shayi.

“Ga shi nan. Kakansa dai ba ya kuskure.”

Bashari yakan karɓi kofinsa da hannu biyu, ya ce, “Allah ya jiƙan Ɗanjimma.”